Tsarabar da Na Zuba a Ruwan Yayana

Sai a rana ta uku na iso Dogon Dutsi. An riga an kai yayana makwancinsa, kukan mata ya lafa, saura tari da jan majina. Gadar kogi a rufe take, sai da na ƙetare a kwalekwale daga Malanbil, na hau motar Gaya, na canja wata a Doso. Da kabu-kabu ya sauke ni a ƙofar gidanmu, na tarar da rumfa da tabarmi da butoci a jere. Na zauna, aka yi mini gaisuwa, na amsa, aka yi addu'a, aka shafa.  Daga nan hira ta koma inda zuwana ya katse ta.

Na yi shekara talatin da wani abu ina aikin fitar da kayan 'yan kasuwar Nijar daga tashar jiragen ruwa, Lome da Kwatano, kuma na zauna makoki a wurare da dama. Na ga inda ake raka gawa da ganga, na ga inda ake ɗinka anko, na ga Larabawa suna zuba gahawa ba mai cewa uffan. Ban taɓa zama makokin da ake zancen kifi ba sai na yayana.

"Shekara goma sha huɗu muna katanga ɗaya," in ji maƙwabcinmu tela, "wallahi ban taɓa jin ƙamshin ya soya ko guda ba. Shi ka ba su abinci, su ba su ba shi komi."

"Kiwo na," in ji wani dogon tsoho a gefen tabarma, sanda a kan gwiwa. Na gane shi, Bafillace ne daga garin Sukukutane, aminin yayana. Tsakanin Fulani da mu Arawa akwai wasa, kuma mutuwa ba ta hana shi. "Ba'are ya ga muna da shanu, ya yi kishi, ya tara nashi garke cikin kwalba. Ga shi ya tahi ya bar su ba makiyayi." Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya juya fuska wajen titi yana gyara rawani, ya daɗe yana gyarawa.

A cikin gida na tarar da rigima ta riga ni. Gwaggonmu, autar su mahaifinmu, ta zo daga Kiyeshe da 'yar ƙwaryar nono, tana son ta zuba cikin ruwan kifin. Matar yayana kuwa, duk da tana takaba, ta kulle ɗakin kifin ta ɗaure makullin a bakin zane.

"Doguwa ta, ɗana," gwaggo ta ce da ni tun kafin in gama durƙusawa. "Wa ya taɓa ganin kihi shina zama cikin rami awa maciji, ba shi hitowa sai mai shi ya taho? Mai ita ya tahi. In ba a ba ta nono ba, wani za ta bi."

Babban ɗan yayana, mai shagon kayan sola a kasuwa, ya ja ni gefe. Wandonsa a ɗage, maganarsa a hankali. "Bon, Baba, ka dai ji da kunnenka. Jiya na iske mata biyu suna taɓa ƙofar ɗakin suna shafa ma ɗiyansu a goshi. Ba ni bari a maida ɗakin mahaifina wurin tsafi. Jumma'a in baƙi sun watse zan kwashe ruwan in zubar, a huta. Sai ko in kai kana da wata magana."

Ba ni da magana. Ni ne na ƙarshe da ya kamata ya buɗe baki a kan ruwan nan. Shekara huɗu ke nan ni da yayana ko sallama ba ta haɗa mu, kuma a kan ruwan nan ne. Na kashe masa kifi, na bi shi da maganar da ta fi kisan kifin muni. An ce a wurin jana'iza liman ya roƙi jama'a su yafe wa mamaci, kowa ya ce ya yafe. Ni abin da na ƙetare kogi ina nema daban ne: ko shi ya yafe mini kafin ya tafi. Wanda zan tambaya kuwa yana ƙarƙashin ƙasa. Ina rubuta wannan ne don kada abin da zai rage na yayana a bakin mutane ya zama wani tsoho da ya zauce a kan kifi.

Yayana ya tafi aikin hajji da ƙuruciyarsa, bai dawo da zama ba sai da gemunsa ya yi fari. Bayan shekara uku ko huɗu yakan leƙo ya yi wata biyu ya koma. 'Ya'yansa da muryarsa a kaset suka girma. A Jidda ya yi dako, ya yi gadi, daga baya wani ɗan Yaman mai shagon kifin ado ya ɗauke shi wankin gilashi. A nan ya koyi sana'ar da ba ta da suna a Hausa: a shiga gidan attajiri ko otal, a gina masa ɗan yanki na teku cikin gilashi, a zaɓi waɗanda za su zauna ciki ba su kashe juna ba. Yakan ce haɗa ruwa da gishiri kowa na iya koya cikin wata guda, zaɓen maƙwabta shi ne aikin.

Da ya dawo mutane sun zaci shago zai buɗe ko mota zai saya. Sai ya gina ɗakin ƙasa mai kaurin bango, taga ɗaya 'yar ƙarama, ya kafa akwatin gilashi mai tsawon kamu uku. Ya jera sola a rufin, ya sa batir, ya rataya fanka tana hura saman ruwan. Shekara-shekara yana zuwa Legas da kansa ya sayo gishirin teku a buhu. Ya taɓa gwada gishirin Foga na ƙasarmu sau ɗaya, ya yi asarar kifi uku, bai sake ba. A cikin akwatin akwai duwatsu masu huji-huji, da 'yan tsiron murjani masu laushi da ke motsi kamar suna numfashi. Akwai kifi biyu masu ruwan lemo da ratsin fari, kullum a manne da juna. Akwai wani ɗan toka-toka mai tonon yashi, da jatan lande ƙanana masu dogon gashin baki. Daga ɗakin nan zuwa teku mafi kusa, kwana biyu ne a mota.

Babban abokin gabansa bazara. In ruwan ya yi ɗumi fiye da ƙima, kowa a ciki zai mutu. Sai ka gan shi yana naɗe akwatin da jiƙaƙƙun buhuna, yana saka ƙanƙara a leda yana yawo da ita a saman ruwa. Telan nan da ya ba mutane dariya, da jama'a suka tashi sallar azahar ya matso kusa da ni ya gaya mini wani abu. Wata bazara mahaifiyarsa ta kwanta da zazzaɓi, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun safe, tsohuwa tana haki. Yayana ya kwance fanka da batir ya yi sallama ya ajiye masa, ya fita. Da tela ya je yi masa godiya da la'asar, ya same shi zaune a kan turmi yana fifita ruwan da mafici. Tun hantsi yake yi. Hannun dama ya gaji, ya koma na hagu. "Na ce Alhaji, in maido maka? Ya ce min, tsohuwa ba ta da mai hihita mata awa yadda ni ka yi ma waɗanga. Tahi."

Amma a duk akwatin, ɗaya ne ya mallaki zuciyarsa. Ɗan kifi ne da bai wuce tsawon yatsa ba, siriri, shuɗi mai ja-ja kamar sabon rinin turmi, da baƙin layi ya ratsa idonsa kamar an sa masa kwalli. A shagunan kifi ana kiran danginsu dotibak. Yayana Mai-shuni yake ce masa. Asalin irinsa Bahar Maliya ne. Ranar da ubangidan yayana ya fara kai shi bakin teku ya ɗaura masa tabarau ya ce ya tsoma fuska, irin wannan kifin ya fara gani, ya leƙo daga rami ya dube shi ya koma. Duk abin da yayana ya baro a Jidda, shekarunsa da ƙarfinsa, wannan ɗan yatsan ne kaɗai ya rage masa yana kallo.

Na sha zama a ɗakin ina jin karatun dotibak, ba don ina so ba. Ya ce kar ƙanƙantarsu ta ruɗe ni. Kowannensu da raminsa, kuma a ganinsa duk abin da idonsa ya kai daga bakin ramin nasa ne. Yakan kori kifin da ya ninka shi uku. Yakan cinye jatan lande in ya same su ƙanana. In ya matsa wa wani, sai wanda aka matsa wa ya yi tsalle ya faɗo ƙasa, shi ya sa akwatin yayana bai taɓa kwana ko wuni ba murfi ba. Mai-shuni, in ji shi, shi ne mafi haƙuri a dangin, amma ko shi sai da aka yi masa dabara. Sai da kowa ya zauna ya san wurinsa wata da watanni, sannan aka sa shi a ƙarshe. "In ka hwara sa mai hwaɗa," ya ce, "duk gidan nashi na, kowa ya shigo ɓarawo na. In ya zo daga baya, sai shi nemi inda anka rage mai."

Duwatsun ma ba zuba su ya yi ba. Ramuka sun fi kifin yawa, kuma ya tsara su yadda babu mai tsayawa a wannan gefe ya hango wancan. Ya ce yawancin faɗan daga ido yake farawa. In ba su ga juna ba, kowa sai ya ɗauka shi kaɗai ne sarki.

A duk garin, Bafillacen nan ne kaɗai ya gane abin nan da nan. Ranar kasuwa yakan jingine sandarsa a ƙofa ya shigo ya tsuguna, su yi awa guda ba mai magana. Wata rana ina wurin ya tambaya me ya sa Mai-shuni ba ya kula masu ruwan lemo. Yayana ya ce don ba su yi kama da shi ba. Wanda ya fi tsana shi ne mai siffarsa da launinsa.

"To ai bijimai na," in ji Bafillace. "Nawa shina shan ruwa da jaki kwami ɗaya. Amma bari ɗan'uwanshi shi matso." Ya dube ni, ya dubi yayana, ya yi murmushi. "Ku Arawa ma haka ku ke."

Na ji duk wannan. Ina jaddadawa don kada wani ya ce rashin sani ne. Na ji, kunne ya ɗauka, amma abin da idona ke gani daban ne. Ina ganin tsoho shi kaɗai a ɗaki mai duhu, 'ya'yansa suna gaishe shi daga bakin ƙofa kamar baƙo, yana kallon ɗan kifi shi ma shi kaɗai a rami. Masu ruwan lemo su biyu ne. Mai-shuni ba shi da kowa. Tausayi ya kama ni, kuma yanzu na san ba kifin nake tausayi ba. A lokacin matata ta rasu, 'ya'yana sun watsu, ni ma ɗaki ɗaya nake a Kwatano da rediyo.

Wani aiki ya kai ni Legas, na shiga shagon da yayana ke sayen gishiri. Na ga wani dotibak da ban taɓa ganin mai kyansa ba: daga kai zuwa ciki shuɗi mai ja-ja irin na Mai-shuni, daga ciki zuwa wutsiya rawaya kamar an tsoma shi a kwanon fenti. Na tambayi mai shagon da Yarbanci ko dangi ɗaya ne da na yayana, ya ce dangi ɗaya. Ban tambaye shi ko za su zauna tare ba. Ya ɗaure mini shi a leda da iska, na sa a kula irin ta ajiye ƙanƙara, na rungume shi kwana ɗaya da wuni a mota kamar jariri. A zuciyata ina cewa ba a taɓa kawo wa wani Ba'are irin wannan tsaraba ba.

Na iso da hantsi, yayana ya tafi Sukukutane wajen suna. Matarsa ta ce, "Jira shi. Ko ni ba ni taɓa ruwan ga sai ya ce." Tsakanina da ita akwai wasan ƙanen miji, sai na mayar da abin raha, na ce tsaraba ba ta jiran izini. Na ɗora ledar a saman ruwa ta ɗan jima, kamar yadda na ga yana yi, don har wannan na koya. Sannan na kwance na sake shi. Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Na rufe murfi na tafi gaishe-gaishe cikin gari, ina jin daɗin yadda fuskar yayana za ta yi.

Da la'asar na dawo na same shi tsaye a gaban gilashin, ko takalmi bai cire ba. Baƙon yana zaune a ramin Mai-shuni. Mai-shuni yana can sama a kusurwa bayan bututun ruwa, wutsiyarsa a yayyage, launinsa ya koɗe, yana numfashi da sauri. Yayana ya kwashe shi da ƙoƙo ya sa a bokiti. Mai-shuni bai kai hantsin washegari ba.

Yayana bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ka iya harshe shida, ba ka iya tambaya ba."

Da na yi shiru, da shi ke nan. Amma na yi kwana biyu a hanya da kula a cinya, kuma kunya ta juye ta zama fushi. Na ce, "Kifi ne fa, Yaya. Da ka ba 'ya'yanka rabin kulawar da kake ba shi, da yau sun san ka."

Matarsa tana bakin ƙofa, ta ji. Ya ɗauko zane ya lulluɓe akwatin, ya fita masallaci. Washegari na hau mota.

Na ga yadda mutane ke neman gafara a ƙasashe. Bayarabe yakan kwanta rub da ciki a gaban babba. Balarabe yakan sumbaci kai. Wani Bafaranshe da muka yi aiki tare, takarda ya rubuta wa ɗan'uwansa, shafi huɗu. Mu a Arewa ba mu cika furtawa ba. Ƙarami yakan zo ya zauna a gefen tabarmar babba ya yi shiru, in an miƙo masa fura ya sha, magana ta mutu. Ko wannan ban yi ba. Sallah takwas suka wuce. Kowace na riƙe waya na ajiye. Ina cewa sai na je da kaina, in na tashi zuwa sai in ce sai aiki ya yi sauƙi.

Ranar Alhamis, kwana ɗaya kafin a zubar da ruwan, matar yayana ta aiko a kira ni. Tana zaune a tabarma, carbi a hannu, ta rame. Ta kwance makulli daga bakin zane ta jefo mini.

"Mai tsaraba," ta ce, "kwana uku kana kewaya ɗakin ga awa mai bin bashin kura. Shiga ka gani."

Na buɗe. Sanyi da ƙarar ruwa da warin gishiri, duk yadda na san su. Masu ruwan lemo suna nan, sun ƙara girma. Mai tonon yashi yana nan. Amma duwatsun ba yadda na bar su ba ne. An tara tsibi guda a ƙarshen akwatin, an kafa wani faffaɗan dutse a tsaye ya raba shi da sauran. Ina tsaye sai wani kai shuɗi ya leƙo daga rami, ya dube ni, ya fito gaba ɗaya. Wutsiyarsa rawaya. Ya yi ƙiba.

Na zauna a kan turmin. Ni a zatona tun ranar aka jefa wa kaji shi.

Ta taso ta tsaya a bakin ƙofa. "Da ka tahi," ta ce, "wuni guda ya yi shina hidda duwatsu ɗaya-ɗaya, don ba a kama irinsu sai an rushe gidan duka. Da ya kama shi ya sa cikin ƙoƙo ya hita bakin rariya. Ina kallo. Ya tsaya, ya tsaya, har na ce ko sallah ya ka yi. Sai ya komo ya sa shi cikin bokiti. Kwana goma shina bokiti. Ya sake gina duwatsu, ya maida kowa, sannan ya sa shi daga baya. Na ce Alhaji, wanda ya kashe maka naka? Ya ce ba laihinshi na ba, an sa shi ba sallama."

"Ya yi zancena?"

"Kullum. In ya sa hannu ya cije shi, sai shi ce, kai ƙanen ga, ba ka da kunya."

Na tambaye ta abin da ya kawo ni. Na ce ko ya taɓa cewa ya yafe mini.

Ta daɗe tana jan carbi. "Ina cikin takaba, ba ni yi maka ƙarya. Bai hwaɗi ba. Maganar da ka yi ta ɗiya ta zauna mai, don gaskiya ta. Amma bi ta bayan rumbu ka duba."

Na bi. A ƙarshen gida, inda da muke ɗaure akuya, akwai ɗaki sabo da ban sani ba. An yi masa daɓe, an sa gado da tabarma da ƙusar rataya riga. Ƙofarsa ba ta kallon tsakar gida, dutsen gari take kallo. Tsakaninsa da ɗakin kifin an ja 'yar katanga iya kafaɗa, ba ta tare komai, ba ta kare komai, ido kawai take tarewa.

"Bara waccan ya gina," ta ce daga bayana. "Magini ya so shi hudo ƙohwa wajen tsakar gida, ya hana. Ya ce ƙanena ya tsuhwa, aiki ya kusa ƙare mai, shi na ƙarshen shigowa gidan ga. In ƙohwa na kallon ƙohwa, ba mu wata guda. In da katanga, sai in ji tarinshi da sahe in san shina nan."

"To me ya hana shi kirana?"

"Ya ce shi na babba." Ta gyara mayafi. "Kai mi ya hana ka?"

Ranar Jumma'a ɗan yayana ya zo da bokitai biyu. Ya same ni a ɗakin kifin, na naɗe hannun riga. Na ce masa ina da magana. Na ce ba zan koma Kwatano ba, makulli zai zauna a aljihuna, ba mai shafa ƙofa, ba mai zuba nono. Gwaggo da kaina zan kai ta gaban gilashi in nuna mata doguwarta tana cin garin kifi.

Ya ajiye bokitan. Ya daɗe yana kallon akwatin, ina jin karon farko ke nan da ya wuce bakin ƙofa. "Ni ban san mahaifina ba, Baba," ya ce. "Wanga ɗan abin ya hi ni saninshi." Ya ɗaga kai ya dubi wayoyin da suka sauko daga rufi, ya taɓa batir da bayan hannu. "Wanga ya gaji, ba shi kai bazara. In kawo wani gobe." Ya kwashi bokitansa ya fita.

Matar yayana ce ke koya mini aikin. Ita ta san komai, ashe, shekara goma sha huɗu tana kallo daga bakin ƙofa. In ruwa ya ragu, ruwan daɗi ake ƙarawa, don ruwa ke tashi, gishiri yana nan. Abinci kaɗan, a gefe biyu lokaci ɗaya, don mai faɗa ya shagala da nasa. Murfi kullum. Kuma ba za a ƙara kowa a akwatin nan ba muddin yana raye. Ranar da na fara sa hannu in goge gilashi, mai rawayar wutsiyar ya fito kamar kibiya ya cije ni a tsakanin yatsu. Na yi ƙara na fizge hannu, ruwa ya jiƙa mini riga. Ta yi dariya har ta riƙe bango, dariyarta ta farko tun rasuwar, sannan dariyar ta juye ta rufe fuska da mayafi ta koma ɗakinta.

Bafillacen yana zuwa ranar kasuwa. Yakan jingine sanda, ya tsuguna, mu yi shiru. Jiya da zai tafi ya ce makiyayin bai kai na da ba, amma garke bai rame ba.

Allah ya jiƙan yayana, ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya wuni yana sanyaya wa bayinsa marasa baki ruwa, ya ba shi maƙwabta na gari a inda ya je. Kalmar da na zo nema ban same ta ba, kuma ba zan same ta ba a duniya. Ɗaki na samu, da katanga, da kifin da ke cizona.

A ɗakin nake kwana yanzu. Da asuba in na buɗe ƙofa, dutsen gari nake fara gani. Kafin in ɗauki buta nakan tsaya in yi tari sau biyu. Babu kowa a bayan katangar, amma ina yi.